Tafin da Aka Yi a Walimata

Aziziyya, Jidda

Zuwa ga ƙanwata Hikima,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Ki gaida maigidanki da yara.

An yi walimar buɗe shagona na biyu, alhamdulillahi. Kin san ko sukundireba ban gada ba, da hannuna na taso daga gyaran firji a unguwar Karantina. Don haka na sa aka dafa shinkafa da rago na mutum tamanin. Sha tara suka zo. Ba komai, zafi ake yi.

Na kafa babban talabijin don a ga hotunan tarihina. Ashe ranar ake ƙare wani shiri da ake tara samari da 'yanmata a gida ɗaya, suna soyayya suna kuka a gaban kyamara. Ina tsakiyar jawabi Abdulwahid kafinta ya ce, "Yalla ya Muntaka, minti biyar kawai," ya canja tasha. A cikin shirin, wani Meshari, gemu kamar da biro aka zana, ya yi wa mata biyu alkawari. Ɗayar, Ruba, ta ce "Halas," wato shi ke nan, ta wurga masa zobensa. Ni ba kallo nake ba, amma ta yi daidai, tun makon jiya yake mata ƙarya.

Ga hoto nan, kowa a tsaye yana tafi, ni a gefe da makirufo. Ruba ake wa. Ki nuna wa Inna, tunda kullum cewa take in dawo gida, wai ba wanda ya san ni a nan. Kada ki yi mata bayani.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Muntaka