Ba Izini Nake Nema Ba, Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ta yi wa masu wucewa faɗa.

Kawu ya kawo mini saƙonka. Ya zauna yana ta murza hula kafin ya iya faɗa, wai ka ce in bar maganar shiga jami'ar nan. Mace mai shekara arba'in da ɗaya ta zauna aji da sa'o'in 'yarta abin dariya ne, kuma kimiyyar haɗa sinadarai ba wasa ba ce, ka san kaina tun muna yara ba ya ɗaukar lissafi. Na ji, na gode. Amma ba zan bari ba, kuma ina so ka ji dalili daga bakina.

Ka tuna ranar da malamin lissafi ya fito da ni gaban allo muna firamare? Na san amsar, wallahi na sani, amma da na ga idanu sun yo kaina sai na kasa rubuta komai. Ta taga ka hango ni, ka riga ni zuwa gida da labari, ka raɗa mini Sifili. Baba ya yi dariya ya ce a bar ni, kowane gida da mai kai ɗaya, kuma namu ya samu, wato kai. Kai wasa ka yi, na sani. Ni kuwa daga ranar ko lamba na gani a jikin mota sai gabana ya faɗi. Da aka zo raba aji a sakandare ba wanda ya hana ni kimiyya, da ƙafata na gudu.

Shekara goma sha biyar ke nan ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake aiki. Ina goge tebur, ina jera ma'auni, kunnena kuma yana jin darasi ko ban so ba. Bara wani sabon malami ya rubuta yadda za a sirka asid, na duba na ga ya yi ƙarfi ninki goma, ga yara za su taɓa. Na daɗe riƙe da tsumma ina ce wa kaina wace ce ni. Daga ƙarshe na matsa na gaya masa a hankali. Ya sake lissafi, sannan ya tambaye ni a ina na yi digirina.

Duk da haka ban motsa ba sai da 'yata Auta ta dawo gida wata rana ta ce za ta bar ajin kimiyya. Ba faɗuwa ta yi ba, ita ce ta uku a ajinsu. Da na tambaye ta dalili, ta ce ai gaba abin zai fi ƙarfinta, mu a gidan nan ba mu da kan lissafi, ni ma kullum haka nake faɗa. Yaya, ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ashe abin da aka ɗora mini ne na sauke a kan yarinyar nan, da bakina.

Washegari na je na cike takardar jarrabawar shiga jami'a. Karon farko na faɗi, ba zan ɓoye maka ba. Auta ta ga sakamakon, ta kuma gan ni na sake buɗe littafin bayan la'asar. Karo na biyu na ci. Ita ma ba ta ƙara zancen canja aji ba, yanzu ma ita ke duba mini aiki, tana yi mini tsawa idan na manta alamar ragi.

Saboda haka ba izini nake nema ba, addu'arka nake so. In abin ya yi wuya zan faɗi in tashi, amma ba zan ƙara cewa kaina ba ya ja ba tun ban gwada ba. Masu dariya su yi, haƙoransu ne. Maigidana ma har jaka ya sayo mini.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Yaro, da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ka. Ranar Litinin ƙarfe takwas ina aji, kuma a layin gaba zan zauna, don idon ya fara neman tabarau.

Wassalam,
Ƙanwarka.