Takardar Shaidata Da Na Ɗinke A Laya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, tsufa bai kashe mini kunya ba. Don Allah shawararku nake nema, amma ku fara sanin da wa kuke magana, ni ne wawan da ya kai takardar neman aikinsa wurin baduku aka ɗinke ta a fata. Ku yi dariyarku ku gama, na riga ku.

Zamanin Turawa ne, a nan Haɗeja. Tun kafin a yi mini kaciya nake cikin kwalekwale, boko kuwa ajin yaƙi da jahilci na shiga, jahilcin ya ci yaƙin, sai bayan na manyanta na koyi wannan ɗan rubutun kajin. Shekara huɗu ina tuƙa wani Baturen gona a kogi, da zai koma gida ya rubuta mini takardar shaida, wato kakar abin da jikokinku ke kira CV. Na kai wa wani tsarana ɗan unguwarmu da ya zo hutu daga makarantar Midil, zan kira shi Ɗan Midil, ya karanta mini. Ya ce Bature ya rubuta babu wanda ya san kogin nan kamata tun daga Miga har Haɗeja. Daɗi ya kashe ni. Na ce abu mai albarka haka ba a barin sa ƙarƙashin tabarma gara ta ci, na sa aka ɗinke ta laya, na ɗaura a dantse. Damina uku ina iyo da ita.

Sai aka yi shelar ana neman malamin awon ruwa, wanda zai riƙa duba sandunan awo a kogi, ya sanar da manoman shinkafa ranar da ambaliya za ta iso don su ɗaga jinga, wato bangon ƙasar da ke tare ruwa. Mu biyu muka je intabiyu, ni da Ɗan Midil da ya gama makaranta ko wata uku bai yi ba. Sabon Bature ya faɗa ta bakin tafinta cewa shi sabon fita makaranta satifiket da kyan rubutu yake duba masa, tsohon hannu kuwa ba a jin bakinsa, sai shaidar wanda ya yi wa aiki. Na miƙa dantse ina taƙama. Masinja ya sa aska ya farke layar, abin da ya fito kamar an dama fura da shuni. Ko harafi ɗaya babu.

Na ce to ga wanda ya karanta ta nan a zaune, a tambaye shi. Jama'a, mutumin nan da muka ci tuwo akushi ɗaya ya dubi ƙasa ya ce an daɗe, shi bai tuna ba, kuma yana jin kamar takardar sallama ce kawai. Aka ba shi aikin. Ni aka ɗauke ni mai tuƙa shi.

Mutumin da ke amai idan kwalekwale ya yi tangaɗi, shi ne Malam, da wando kaki da fensir a kunne. Sandar awo tana faɗa maka ruwan yau ne, na jibi ba ta san shi ba. Ni ke duba jan ruwa, da kumfa, da yadda kainuwa ke gangarowa, in ce kwana kaza, shi ya rubuta ya sa hannu, a yaba masa. Ko sau ɗaya bai ce ga mai abin ba. In na yi magana ya ce ai shi bai hana ni zuwa makaranta ba.

Ga nawa laifin. A damina ta uku na ga ruwa ya yi ja jawur, na san kwana uku ne, na ce masa kwana goma. Niyyata ya sha kunya kawai, wallahi. Ya kai rahoto, mutane suka saki jiki, ruwa ya zo ya shafe shinkafar fadama guda. Babu wanda ya mutu, amma gidaje da dama sun ci kwaɗon rama a shekarar. Aka kore shi. Ni ma ba a ba ni aikin ba, wani ɗan Midil ɗin aka kawo.

Yanzu yana kwance a Kafin Hausa wurin 'yarsa, an ce jikin ya yi nisa. Ya aiko sau biyu, wai in zo ya nemi gafarata a kan maganar takarda, wai ya tuna abin da ke cikinta kalma da kalma. Yanzu ya tuna! Bayan haƙorana sun zube, aikin wa zan nema da ita? Har ga Allah ban huce ba, ai shi ya fara. Amma in na je na zauna ina karɓar tuba kamar waliyyi, nawa fa? In na faɗa masa, wataƙila ni zan ƙarasa shi, kuma a gaban 'ya'yansa da suka taso a wahala saboda ni. In na ƙi zuwa, ya tafi, lahira ba a cewa an manta.

To ku gaya mini, in je in yafe in kama bakina, ko in fasa ƙwan gaba ɗaya, ko in zauna a gidana? Masu zagi ku zaga, amma ku haɗa da shawara.

Abu ɗaya ne ke riƙe mini ƙafa. Ranar da aka kore shi ni na tsallakar da shi kogi, ya sauka. Ya juyo ya ce, "Na ga gonar babanka ce kaɗai aka ɗaga wa jinga da wuri. Allah ya sa albarka."