Tatsa ta cinye mini hannu, Baffa kuma yana neman in fasa masa kai

Anti Kyomuhendo, ki taimake ni kafin in yi kisan kai. Makiyayi ne ni a Kiruhura, shanun mahaifina marigayi nake tatsa a gidan ƙaninsa, Baffa Rwabutara. Tun damina tsintsiyar hannuna ta dama, ta wajen babban yatsa, take min kamar ana soka ƙusa. Tulun madara ma yanzu kuɓuce min yake. Ban yi makaranta ba, da tsofaffin jaridu na koya wa kaina karatu, sai na bincika a waya na ga ciwon ya fi kama masu jego saboda ɗaukar jarirai. Ni wawa na karanta a gaban Baffa. Yanzu ko yaran gida "mai jego" suke kirana, shi kuma yana tambayata yaushe ne suna. Ya sa aka danne ni aka lalasa wurin da jan ƙarfe kamar maraƙi. Shekaranjiya zafi ya tsarga min har kafaɗa ina tatsar Gaju, saniyar da babana ya fi so, na zabga mata turken ɗauri a haƙarƙari. Yanzu in ta hango ni sai ta riƙe nono. Wallahi ba ita na so duka ba. Baffa ya ce wanda ba ya tatsa ba ya cin gadon shanu, uwata kuwa al'adarmu ta hana ta zama ƙarƙashin saniya ta yi tatsa. Turken yana nan jingine a ɗakina.

Mai tatsa, Kiruhura

Ɗana, fara da mayar da turken garke. Ranar da ya sauka a kan Baffanka, kai gidan yari, shanun kuma nasa.

Ciwonka na gaske ne. Jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa ne suka kumbura cikin kubensu saboda maimaita motsi ɗaya. Tusa yatsan cikin tafinka, ka dunƙule, ka lanƙwasa hannun wajen ƙaramin yatsa. In ka ji ya soke ka, alamarsa ce. Ina zargin da yatsa a naɗe kake tatsa, kana murje kan nonon da gaɓarsa. Koma matsawa da dukan tafi.

Je asibiti su duba ƙunar, su ɗaure maka yatsan da tsintsiyar hannu na 'yan makonni. Riƙa ɗora tsumma mai sanyi, ka sha maganin kumburin da suka ba ka. In ya ƙi akwai allura, in ta kama a yi ƙaramar tiyata. Kada ƙarfe ya sake taɓa ka.

Baffanka ya zalunce ka, sai dai a saninsa lalas magani ne, kuma dole wani ya tatsi shanun. Kira dattawan dangi, a gabansu a sa mai riƙe maka tatsa, kai ka riƙe kiwo, a kuma faɗi da baki shanun na waye. Gaju kuwa, kai mata gishiri da hannun hagu har ta yarda da kai.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya bar maka garken mahaifinka.

Anti Kyomuhendo