Sifikar da ba ta fita bayan gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, an yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Wake ya yi bana, gero ne bai cika ba. Ni ce Asabe. Na san ba karantawa za ka yi ba. Rabi ce ta buɗe mani wannan abu a waya, ta ce in ina da magana in riƙa rubutawa, to yau ina da ita, kuma taka ce.

Maganar sifika ce.

Tun da ka tafi, damina biyu ke nan, kayanka suna ɗakin zaure yadda ka bar su. Manyan akwatunan nan biyu da kafinta ya ƙera maka, da amfilifaya, da ƙahon da kake ɗaurewa bisa darbejiya, da injin wuta. Kaza ta samu wurin ƙwai bayan ɗaya, na ƙyale ta.

Ɗiyarka Rabi ta ɗauki sana'arka. Kai da bakinka ka ce ta fi ka sanin waƙar da ke tada mata tsaye. Mijinta Sule ya yarda, in dai taron mata ne, cikin gida, kuma da rana. Da 'yar rediyon aro ta fara, suna nan, walima can. Har an fara ce mata DJ Rabi. Ni dai sunan bai zauna mani a baki ba.

Ana nan sai ga ƙanwarka Hanne daga Ruma, za ta aurar da Zulai. Ta sha ruwa, muka gaisa, ta ɗan yi kukanka, sannan ta ce, "Yaya, kiɗa nake so, amma kar ya fita bayan gari."

Ka san halin Ruma, da ranka ma ka daina zuwa. To yanzu abin ya ƙaru. Mutane sun ce kiɗa shi ke gaya ma na cikin daji cewa gidan wane akwai taro, akwai kayan ɗaki, akwai baƙi da wayoyi. Shi ya sa aka koma a ɗaura aure a kai amarya shiru, ko guɗa sai a ɗaki. Hanne ta ce ɗiyarta ɗaya tilo, ba za ta kai ta kamar an zo gaisuwar mutuwa ba. Kuma Rabi take so. Ka ga ke nan ɗiyarka za ta zauna tsakiyar gidan, da ita da matan dangi duka, kuma abin da ke hannunta shi ne zai kira ko ba zai kira ba.

Ni da farko na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na ce a fiddo na Malam a rage murya, shi ke nan. Sule da maƙwabcinmu suka kama akwati ɗaya su biyu suna nishi. Aka sha fama injin ya tashi, kafin ma a sa waƙa ƙararsa kaɗai ta cika unguwa. Rabi ta kashe ta ce, "Inna, ko na rage, in rawa ta yi zafi wata ƙawar amarya za ta zo ta murɗe, wa zai riƙe hannunta?"

Gaskiyarta. Na tuna yadda kake zama da 'yar tsumagiya gefen amfilifaya saboda masu murɗawa. Kai ana jin nauyinka. Rabi kuwa sa'o'inta ne, dariya za su yi su ture ta. Ga hanyar Ruma, wani wurin sai mashin, wa zai ɗora akwatunan nan? In kuma aka ce a tashi, wa zai tsaya ɗaukarsu? Aka maida su zaure. A nan na gane abin da muke nema: wadda ko an murɗe ta har ƙarshe iyakarta cikin gari, kuma mace ɗaya ta ɗauke ta.

Ranar kasuwa muka je shagon Nura mai kayan wuta, wanda kake sayen waya wurinsa. Ashe duniya ta wuce mu, Malam. Na yanzu komai cikin cikinsu yake, amfilifayar tana ciki, batir yana ciki, a yi caji da sola, a sa memori ko a haɗa da waya. Ba inji, ba fetur, ba tulin wayoyin nan da nake tuntuɓe da su tsakar gida.

Ya jawo wata ƙatuwa mai taya, inci sha biyar ya ce, tana ta walƙiya ja da kore. Ya ce, "Inna, wannan in kin kunna a Batsari, Safana za a yi rawa." Na ce to ita ce ba na so, ka ba ni wadda ba ta zuwa nesa. Ya tsaya yana kallona. Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa tambayarsa marar ƙarfi ba, har ya kira mahaucin da ke gefensa ya zo ya ji abin dariya. Mahaucin ɗan wajen Wagini ne, inda su ma na cikin daji suka addabe su. Da ya ji dalili bai yi dariya ba, ya ce ma Nura, "Ba ta abin da ta ce."

Na ce Rabi ta ɗaga kowace da hannu ɗaya, ta je wurin mai ƙosai ta dawo. Ƙatuwar ko motsi. Nura ya ce ai ja ake, ga taya. Na ce a cikin yashin Ruma? Masu jikin katako ma muka bar su, sun yi nauyi, muka koma masu jikin roba da mariƙi a sama. Sule ya kawo mashin ta hau, ana ɗora mata bisa cinya, wadda ta tare ma Sule baya ko ta hana ta gyara hijabi a sauke. Uku suka rage, mai inci sha biyu, mai goma, mai takwas. Nura ya ce tun da iyalin Malam ne mu je da su gida mu gwada. Darajarka ce wannan, na ce bari in gaya maka.

Washegari da hantsi muka yi gwajin. Ni na tsara shi, ba wanda ya koya mani. Rabi ta ajiye sifika tsakar gida ta murɗe har ƙarshe, ni kuma in sa takalmi in kama hanyar gona, ina tafiya ina saurare, inda ta mutu in tsaya.

Mai sha biyun na wuce masallaci ina jin ta, na wuce famfo, na wuce gonar ƙarshe, har bakin rafi. A can ba waƙa, ba muryar mawaƙi, sai wani gudum gudum da ke bi ta ƙasa yana taɓa ƙirji. Ashe shi ne mai tafiya, ba waƙar ba. Shekara nawa ina gidan mai sifika ban sani ba sai ran nan.

Mai goman ta raka ni har gonar ƙarshe. Mai takwas kuwa ina kaiwa famfo ta fara shiga tana fita, na ƙara taku kaɗan ta ɗauke.

Sai kuma wata damuwar, to a cikin gidan tana da abin da za ta taɓuka? Kar a je Ruma a yi abin kunya. Na kira matan maƙwabta. Rabi ta kife turmi ta ɗora ta, ta juya fuskarta wajen bangon ɗaki maimakon ƙofa. Talatu mai ciwon gwiwa, wadda salla ma a zaune take yi, ita ta fara miƙewa. Amma can wajen madafa sautin ya yi siriri. Rabi ta ce a ɗauki ƙanana biyu, ɗaya nan ɗaya can, ba sai an matsa ma guda ba. Na ce to biyu ai sun fi ɗaya tafiya, sai an sake. Sule ya koma ya karɓo 'yar'uwarta, na sake kama hanya. Suka ɗan wuce famfo. Aka rage masu gudum ɗin ta wani maɓalli a baya, Rabi ta liƙe shi da salatif don kar a taɓa, na sake komawa. Sau biyar na taka hanyar nan ran nan. Wani tsoho a bakin famfo ya ce, "Asabe, me ya ɓace ne?" Na ce ba abin da ya ɓace, Baba.

Batir ma mun gwada washegari, muka bar su suna yi daga hantsi har la'asar ba su mutu ba. Fitilun walƙiyar na ce Nura ya cire waya. Ya ce ai su ne kwalliyar. Na ce cire dai.

Ranar biki muka yi sammako. Rabi da ɗaya bisa cinya, ɗaya ɗaure a baya cikin zane, ni a wani mashin. Wanda ya gan mu zai ce kayan gara ne muka ɗauko.

Da aka kwance zanen mata suka yi cirko-cirko. Wata ta ce ina na Malam? Wata tsohuwa ta ce, "Au, rediyon jin labarai aka kawo mamu?" Aka kwashe da dariya. Hanne ma na ga fuskarta ta ɗan canza. Ɗiyarka ta nemi turmi biyu, ta gyara, ta kunna. Ba a gama waƙar farko ba tsohuwar nan ta ɗaure gyale a ƙugu.

Bayan azahar, yadda Rabi ta faɗa haka aka yi. Wata doguwa cikin ƙawayen Zulai ta zo ta murɗe duka biyun har ƙarshe, tana cewa a bar mutane su ji daɗi. Rabi ta kalle ni. Na ɗauki hijabina na fita.

Na bi ta bayan rumbuna, na wuce gidan ƙarshe, na tsaya bakin wata gonar wake, daji yana gabana. Na cire hijabin daga kunne ɗaya. Kurciya na ji, da jaki can nesa. Na daɗe tsaye ko iska za ta juyo. Ta juyo, ba komai. Sai ga wata Bafulatana mai nono ta fito daga hanyar daji da ƙwarya a kai, muka gaisa, ta ce wai ba yau ne bikin gidan Hanne ba, ko an ɗaga? Na ce yau ne, zo mu je ki ci tuwo.

Kafin la'asar aka tashi. Haɗa kayan bai kai tsawon alwala ba. Magariba a gida ta same mu. Zulai tana ɗakinta lafiya, an kai mata gara makon jiya. Ban ce sifika ce ta tsare mu ba, Allah ne mai tsarewa. Na dai yi abin da zan iya da ƙafafuna.

Yanzu labari ya bazu. An kira Rabi Darini, an kira ta Wagini, jibi kuma wani ƙauye wajen Safana. Duk abin da suke cewa ke nan, a zo da mai shirun nan. Nura ma na ji ya ƙaro ƙananan.

Abu ɗaya ne ban gaya ma kowa ba, Malam, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Lokacin da kake zuwa ƙauyukan kusa, ina tsakar gida ina tankaɗe nake jin kiɗanka na zuwa da iska. Ina ta mita a baki, mutumin nan zai kurmantar da jama'a. Amma muddin ina ji na san kana nan, lafiyarka lau. In ya tsaya in ɗora ruwan wanka, na san ka kamo hanya. Ban taɓa gaya maka da shi nake auna ka ba.

To ga shi da ƙafata na taka na zaɓo ma ɗiyarka wadda ba zan ji ba. In Rabi ta fita, ko unguwar bayanmu take, ba abin da ke zuwa mani. Waya kuma ka san halin sabis a can. Sai in zauna bakin ƙofa da tsintar wake har in ga ƙurar mashin ɗin Sule. Da za a sake ba ni zaɓi ita zan sake ɗauka. Zaman ne dai da wuya, kuma da kana nan da mu biyu za mu yi shi.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa kabarinka ya fi gidan nan sanyi da haske. Allah ya kawo mamu zaman lafiya a Ruma da Batsari da Safana da duk inda ake kwana da tsoro. Ya kai Rabi jibi lafiya, ya dawo mani da ita da rana tsaka. Amin.

Taka har gobe,
Asabe, uwar Rabi.