Ruwa Ya Ci Mak Ton a Hanyar Kai Magani

Cikin alhini da kaɗuwar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Gudun Taimako ta Pasir Mas, a jihar Kelantan, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Hajiya Zaiton binti Che Omar, malamar firamare mai ritaya, wadda yara da manya suka fi sani da Mak Ton. Masu aikin ceto sun gano gawarta jiya Lahadi da hantsi a wata gonar roba da ambaliya ta shanye, aka yi mata sutura bayan sallar La'asar. Har zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa ba a ga ɗan'uwanmu Encik Ridzuan bin Mat Piah ba, wanda ruwan ya tafi da shi tare da ita.

Marigayiyar ce ta mayar da gudunmu aiki. A da, muna haɗuwa ne ranar Asabar bayan sallar Asuba, mu zagaya gari, mu ƙare a shagon shayi. Wata safiya ta tsaya a gabanmu riƙe da ƙugu, ta ce, "Ƙarti kamar ku, kuna zubar da gumi a titi a banza? Ga tsofaffi can ba su karya ba. Kai Ridzuan, wannan bayan naka buhun shinkafa zai ɗauka, ba gorar ruwa ba." Tun daga ranar kowa ke fitowa da jaka a baya. Gidan tsofaffi, gidan marayu da cibiyar masu ciwon suga suka riƙa ba mu saƙo, mu kuwa muna kai shinkafa da kifi da magani lungunan da mota ba ta shiga. Ita ce ta ƙarshe a layi kullum, ba don gajiya ba, sai don ta ƙi yarda a bar kowa a baya.

Saboda maganganun da ke yawo a wayoyin jama'a, ya zama wajibi ƙungiya ta faɗi abin da ya faru. Kwamitin gudanarwa, ƙarƙashin Shugaba Dakta Haji Mohd Sukri bin Awang Kechik, ya soke gudun wannan Asabar tun ranar Alhamis, ganin yadda kogi ke cika. Da safiyar Asabar ɗin cibiyar masu ciwon suga ta kira marigayiyar kai tsaye, cewa allurar wani dattijo, Pak Leh, ta ƙare, titin ƙauyensu ya yanke, kuma kwale-kwalen ceto duk sun nufi inda ruwa ya kai rufin gidaje. Marigayiyar ta kira mutum biyu: Encik Ridzuan, da Cik Tan Siew Ling, ma'aikaciyar jinya. Suka bi ta kan gaɓar gonakin shinkafa da gudu, suka isa, aka yi wa dattijon allura. A hanyar dawowa ne suka tarar ruwa ya hau ƙaramar gadar da suka ƙetare ɗazu. A tsakiyar gadar ƙafar Cik Siew Ling ta zame. Marigayiyar ta cafko igiyar jakarta, ta tura ta jikin ƙarfen gada, ta ce mata, "Riƙe nan, 'yata, kada ki waiwayo." Ruwa ya ɗauke marigayiyar. Encik Ridzuan ya faɗa bayanta.

Ƙungiya tana Allah wadai, da kakkausar murya, da masu yaɗa cewa Cik Siew Ling ce ta ja su zuwa wannan tafiya, da masu liƙa hotonta suna ambaton cewa ƙabilarta da addininta daban suke da na marigayiyar, da waɗanda suka je suka tsaya a ƙofar shagon mahaifinta. Kiranta aka yi, ta amsa. Tana kwance a asibiti da karaya a hannu, kuma ta ƙi cin abinci tun da aka tsamo ta. Mai girma mijin marigayiyar, Haji Wan Rosli bin Wan Mahmud, daga maƙabarta bai wuce gida ba, asibitin ya nufa da ƙasar kabari a ƙafarsa. A gaban shugabanninmu ya ce mata, "'Yata, ki ci abinci. Matata ba ta riƙe ki don ki mutu a kan gado ba. Duk mai magana ya zo ya same ni." Da izininsa muka kawo wannan magana, kuma muna roƙon kowa ya tsaya a kanta.

Muna kira ga 'ya'yan ƙungiya, musamman waɗanda muka ji suna shirin bin kogi da kansu, da su dakata. Ruwa bai sauka ba, an kuma yi hasashen ƙarin ruwan sama. A bar nema a hannun masu kwale-kwale. Mai son taimako ya je makarantar da aka tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora, akwai girki da ɗaukar kaya.

A madadin Shugaba, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Haji Wan Rosli, da 'ya'yansu, da jikokinsu, da dukan dangi. Allah Ya jiƙan Hajiya Zaiton, Ya karɓi shahadarta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi. Muna kuma roƙon a sa Puan Salmiah, matar Encik Ridzuan, a cikin addu'a. Tun ranar Asabar take zaune a bakin gadar, an yi an yi ta koma gida ta ƙi. Duk wanda ya ga wani abu a bakin ruwa, ko da takalmi ne, ya sanar da masu ceto kafin ya ɗauki hoto.

Sa hannu:
Nik Faizul bin Nik Leh
Kakakin Ƙungiyar Masu Gudun Taimako ta Pasir Mas