Kaset ɗinka da Jan Maganin Inna

Bakin Kasuwa, Gummi,
Jihar Zamfara.
14 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya dafa maka a kan aikinka, ya tsare ku daga sanyin Amurka da ake ba mu labari, amin. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuya. 'Yata Rufaida ta shiga sakandare, ɗana Mamuda kuwa ya kusa saukar Alƙur'ani. Inna tana samun sauƙi kaɗan kaɗan. In an jingina ta da bango tana zama, tana shan fura da hagu, amma hannun dama da ƙafar har yanzu ba su amsa ba, maganarta kuma sai wanda ya saba da ita.

Kaset ɗin da ka aiko ya iso. Ba ni aka kawo wa ba, tunda sunan Kawu Sanda ka rubuta a bayansa. Ka kuwa san Kawu. Sabon batir ya saya, ya tara dangi da maƙwabta a zaurensa bayan la'asar, har da mutanen da ba su san launin ƙofar ɗakin Inna ba. Ni da uwar take kwance a gidana, a bakin ƙofa na samu wuri, wajen takalma.

Na saurari bayaninka, kuma na gane shi tun jin farko, ko da yake a fom uku na tsaya. Ka ce a cikin ƙwayoyin hanta akwai wasu masu karɓar saƙo, waɗanda masana suka gano tun ba su san saƙon wa suke jira ba, shi ya sa kuke kiransu marayu. Ka ce ɗaya daga cikinsu, wanda kake aiki a kansa, jan maganin tarin nan da Inna take sha, rifamfisin, yana tada shi. In ya tashi sai ya je ya zauna a kan ƙwayoyin gado, ya buɗe umarnin da ke sa hanta ta yi ta ƙera abin da ke narkar da magani. Saboda haka maganin hawan jinin Inna, nifedifin, tun bai kai ko'ina ba hanta ta cinye shi. Tana haɗiya kullum, amma kamar ba ta sha ba, har jinin ya buge ta. Ban musa ba, Khalilu, don da idona na gani. Safe da yamma ina ɗaura mata abin awo, jini sai hawa yake yi. Na zaci jabu aka sayar mini, na canza dila, na je Sakkwato na sayo da kaina. Na kai ta asibiti, likita ya ƙara mata yawan ƙwayar, bai tambayi me take sha ban da shi ba, don maganin tarin ta wata ƙofa ake karɓarsa, da wani kati daban.

Abin da ya ƙona mini rai yana ɗaya gefen kaset ɗin. Ka ce da an gaya maka tana shan maganin tari, da magana ɗaya ta isa ka hana wannan. Ka ce mai sayar da magani ba da karatu ba abin tsoro ne. Ba ka kama suna ba, amma duk zauren sai da ya waiwayo wajen takalma. Sannan ka yanke hukunci daga can cewa a ɗauke Inna a kai ta Anka wurin ƙanwarmu Saude, tunda mijinta malamin asibiti ne.

To bari ka ji dalilin da ba a gaya maka ba. Ranar da gwajin majina ya fito, Inna ta riƙe mini hannu a kan mashin, ta ce ko da wasa kada Khalilu ya ji, yaro yana tsakiyar karatu a ƙasar mutane, me zai yi da labarin in ban da ya hana shi barci. Ta kuma ce ba ta son kalmar tibi, wato tarin fuka, ta fita gari, mata su daina sayen daddawarta, su riƙa ware mata ƙwarya a gidan biki. Haka muka taso, kai ma ka sani. Da Baba ya rasu kana Zariya, sai da ka ajiye alƙalamin jarrabawa aka faɗa maka, kuma da bakinka ka gode mini. Yau na bi maganar uwata, na zama mai laifi. Kai fa? Shekara da shekaru in na tambaye ka aikin me kake yi, sai ka yi dariya ka ce ɓeraye kake kiwo, Yaya ba zai gane ba. Ko sau ɗaya ba ka ce aikin ya shafi kwalayen da ke kan kantata ba. Ka raina ni ka yi shiru, ni na ji tausayinka na yi shiru, Inna ta kwanta a tsakani. Amma ni kaɗai ake nunawa da baki.

Ranar kasuwa Yalwa mahauci ya tsaya a ƙofar shago, ya ɗaga murya ya ce Likita Haladu ya ba shi na ciwon kai, amma in fara neman izinin hantarsa. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba zan bar shi ya ga cikina ba. Matan unguwa yanzu yaransu wuce ni suke yi su tafi shagon gaba. Shagon nan da akwatin katako a bayan keke na fara shi, ina tura shi cikin laka a hanyar Adabka, babu wanda ya ɗora mini ko ƙwaya ɗaya. Kai da magana ta rabin kaset ka girgiza shi.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ba. Na ɗauki bayaninka na kai wa wani likita a Sakkwato, ya ce haka abin yake, ya canza mata magani, jinin kuma ya sauka. Wannan na gode, Allah ya ƙara sani.

Amma zancen Anka, a'a. Kawu ya turo mota, Saude na ciki tana kuka tana cewa ita ba ta nemi wannan ba. Na ba direba ruwa ya sha, na ce ya juya. Matata Hure ce ke juya Inna, ita ke mata wanka, ita ke gane abin da take nufi in harshen ya ƙi. Na tambayi Inna ko tana son tafiya, ta kawar da kai, ba za ta zaɓa tsakanin 'ya'yanta ba. Abin da ta roƙa kawai a karɓo mata kaset ɗin daga wurin Kawu. Ba bayanin take bi ba, muryar take so. Kowace safiya kafin in fita shago sai ta nuna rediyo da haɓa, ni da yatsana nake danna shi, in tsaya ina jin ƙanena yana cewa ni abin tsoro ne, ita kuwa tana murmushi da rabin fuska.

Don haka ga maganata, kuma na faɗa wa Kawu ita. Inna ba ta fita gidan nan da umarnin kaset. In kana son ta koma Anka, ka zo Gummi da ƙafarka, ka shiga ɗakin, ka ga yadda ta koma, ka ɗauke ta da hannunka. Ranar ni zan buɗe maka ƙofar mota, kuma ba za ka ji ko uffan daga bakina ba. Kafin nan tana wurina.

Ka gaida matarka Ummukulsum, ka shafa mini kan Lukman, wanda har yau hotonsa kawai kakarsa ta sani. Hure da yara suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin Hure ta gane saƙon: wai ta ji muryarka ta rame, kana dai cin abinci?

Wassalam. Ni ne yayanka,
Haladu Mai Kemis.