Litinin Ɗin Malam Salihu

Ɗan Iya, 4 ga Satumba

Ƙanena Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya. Tunda ba ka ɗaga wayata, ga takarda a hannun Malam Salihu.

Maganarsa ce ma. Na san shi ya hana ka sayen wata mota, ya ce gidanmu ba a hawa komai sai Mizaru, irin wadda ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa marigayi Baba a ciki. Na san dillalan sun ce sati shida, ka sayar da tsohuwar, ga shi yau wata tara. Amma ba shi ya riƙe ta a hanya ba. Duk Litinin kana tura shi ya tambayo, su bar shi a zaune kan benci har la'asar, suna ce masa direban benci. Ya dawo kuma yana ba su uzuri. Tsoho ne, aikin nan kaɗai yake da shi. Don Allah ka sassauta.

Allah ya yi maka albarka.
Addarka, Radiyya

Tirwun, 5 ga Satumba

Adda,

Wa alaikumussalam. Lafiya muke.

Na fasa sayen motarsu tun watan Yuni. Na sayi ta wani kamfani, kwana huɗu aka kawo ta, tana ajiye gidan abokina, kuma ni zan riƙa tuƙa abata. Har in mutu ba ni ba Mizaru. Wata shida na yi ina sauka daga keke napep a ƙofar ofis saboda son da yake musu.

Kar ki faɗa masa. Na ce wa dillalan su bar shi ya riƙa zuwa. In ya cika shekara a bencin sai in sallame shi.

Na gaishe ki.
Abdulbaƙi

Ɗan Iya, 12 ga Satumba

Ƙanena,

Assalamu alaikum, ya gida?

Da hannu biyu Malam Salihu ya miƙo min takardarka. Ka san ba ya karanta boko. Ya ce, “Hajiya, me Alhaji ya ce?” Na ce kana gaisuwa. Kwana uku ina istigfari, ran Lahadi na kira shi na karanta masa duka, ban tsallake komai ba.

Dariya ya yi. “Hajiya, ba ki gane rubutun ba ne. Abdulbaƙin da na riƙa kaiwa makaranta? Zolayarki yake.”

Da gari ya waye ya tafi wurin dillalan. Ashe ranar motar ta iso, fara, irin wadda ya zaɓar maka. Wanda ya gani ya ce yana ta goge madubinta da hannun rigarsa, yana ce musu, “Ban faɗa muku ba? Mizaru ba ta saɓa alkawari.” Suna kallonsa, har wani mutumin unguwar Gwallaga ya zo aka ba shi makullinta. Salihu ne ma ya buɗe masa ƙofa.

Bai sake zuwa nan ba. Ka neme shi, ko don Baba.

Allah ya shirye mu.
Radiyya

Tirwun, 13 ga Satumba

Adda,

Salam. Jiya ya bar makullin gareji wurin maigadi, bai shigo ba. Da ba ki faɗa masa ba, da yana da aikinsa har Disamba.

Ki zama shaida, ba ni na kore shi ba.

Mai keke ne zai kawo miki wannan.

Abdulbaƙi